Jiya Aka Kawo Shi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetona.

Ni ne Bulus. Kun san ni da raba magani, amma da can likita na so zama. Na shiga wata makarantar koyon likitanci, ina haya a Mandawari tare da ɗan ajinmu Sani, ɗan Dukawuya. Musulmi ne, amma kwano ɗaya muke ci. Innarsa har ta fara kiransa Likita.

Sai aka ce masu duba makarantu suna tafe. In ba su amince da tamu ba, takardarmu ta zama ta ƙunsa ƙosai. Ana gobe za su iso aka cika ɗakuna da gadaje da madubin duba jini, duk na aro, kamar tabarmin biki.

Da suka iso, ɗayansu ya dafa madubin, ya tambaye ni, "Kullum da wannan kuke aiki?"

Na ce, "Jiya aka kawo shi, ranka ya daɗe."

Wayyo bakina! Ba a amince da makarantar ba. Wahalar kowa ta tashi a banza. Sani ya kwashe kayansa, ya ce, "Bulus, ka kashe mu." Ya koma sayar da yadi a Ƙofar Wambai.

Abinci ya gagare ni. Na rame, na daina bin hanyar Wambai don kunya. Ran nan na durƙusa ina kuka: "Ubangiji, in gaskiya na faɗa, me ya sa take cina haka? Ka sauke mini kayan nan!"

Ina tashi, ƙafata ta kai ni rumfar Sani.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa mini a tabarma. Ya ce, "An kira ni wurin wata mai naƙuda, jini ya ƙi tsayawa. Na tsaya, ban san ta inda zan fara ba. Na ce a kai ta asibiti, ta rayu. Da ina da takardar nan, da girman kai ya sa na taɓa ta."

Na gode wa Yesu, ranar na ci tuwo! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da gaskiya ta ci ku. Ku kuma sa ni a addu'a, don har yau in na gaida Innar Sani, kau da kai take yi.