Motar Da Ta Kai Ƙarata

Babur ɗina na sayar, Inna ta cika mini da kuɗin tunkiyarta, da haka na ga Madina. Ke Hauwa, ajiye wayar nan, da ke nake.

Aikin tuƙi na samu wurin wani attajiri a unguwar Sultana, Shehu Hamza. Kakansa daga ƙasarmu ya je Hajji ya zauna. Shi da Larabci yake amsa magana, sai ransa ya ɓaci Hausa ke dawo masa. Motarsa mai lantarki ce, ba ƙara ba hayaƙi, gabanta allo ya fi tiren mai shayi. "Shasha" suke ce masa da Larabci. Na ce kaɗan ya rage sunan ya cika shashasha.

Mutumin nan, tunda ya zuba dukiya, baiwa yake so ba mota ba. Ta sanyaya kujera kafin ya fito, ta tausa masa baya, ta gane muryarsa, ta ɗora karatun Alƙur'ani daga inda ya tsaya jiya. Ran da taswirarta ta daskare a hanyar gonar dabinonsa ta Khaibar, ni ya hau da faɗa.

"Direba, me ya sami allon?"

"Ranka ya daɗe, ni na haife shi?"

"An ce sabunta kanta take yi!"

"To ta yi wankanta a tsanake, dabino ba ya gudu."

Duk wannan na shanye. Wata Asabar ce ta raba mu. Mutanen Madina ran Asabar suke zuwa masallacin Ƙuba su yi raka'a biyu. Na sauke shi a ofis, ina komowa na hangi wata tsohuwa 'yar Cadi tana jan ƙafa cikin rana.

"Iya, Ƙuba? Hau mu je."

Har ƙofar masallaci na kai ta, tana ta sa mini albarka. Zan tashi, mota ta ƙi motsi. Sai ga muryarsa daga cikin allon.

"Wa ya zauna a kujerata? Wayata ta nuna mutum a baya!"

Ashe munafukar kullum rahotona take kai masa, daga ofis ya kulle ta. Ya zo a tasi yana huci.

"Haya kake yi da motata!"

"Tsohuwa ce, sa'ar mahaifiyarka. Wallahi ko sisi ban karɓa ba."

"Mota ba ta ƙarya."

"Ni ne nake yi? To ta tuƙa ka!"

Na laluba in jefa masa makulli ya yi ƙara a ƙasa. Ina! Kati ne, ya sauka a hankali kamar ganye. Wannan kaɗai ke ci mini rai har yau.

Jaka ɗaya na dawo gida da ita, sai dabino. Ga tsohuwar tasina can waje, rediyonta sai an mare shi yake magana. Wanda na ga dama nake ɗauka, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.