Fim Ɗin Ƙanena Bai Samu ’Yan Kallo Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Adamu daga Azare.

Ƙanena Habibu ya shirya fim kan wani zamani mai zuwa, inda shugaba ya kulle famfuna da sojoji, yana sayar wa talakawa ruwa, matasa suka tashi yaƙarsa. Masu sharhi a rediyo sun yaba masa sosai.

Da aka haska shi a gidan kallon unguwarmu, na zauna ina lura da fuskokin mutane. Ana nuna layin jarkoki, sai Malam Buba maƙwabcinmu ya miƙe ya ce, “Habibu, wannan layin na baro da asuba. Shi zan biya in kalla?” Mutane suka bi shi waje. Washegari mai gidan ya koma nuna ƙwallo.

Habibu ya kulle kyamararsa, ya tafi gona a Itas, ba ya ɗaukar waya. Ni na ƙarfafa masa tun farko, yanzu ban san ko na kyauta ba.

Masu sauraro, in sake ƙarfafa masa, ko in ƙyale shi? Habibu, in kana ji, yayanka na gaishe ka.