Jirgin yaƙi a tukunyar Hajiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Malam Idi ne daga Matameye.

Bayan girbin gero wani jirgin yaƙi ya faɗo a daji bayan gonakinmu, ta hanyar Tsauni. Matuƙin, sa'an jikana, ya diro da laima, ƙafarsa ta karye. Ina ba shi ruwa ya ce mini: "Baba, na gaya wa masu gyara injin nan yana wata irin ƙara, suka ce an duba."

To, mu nan ba a barin ƙarfe ya kwana a daji. Kafin sojoji su iso, an kwashe gutsattsarin an kai wa maƙeran tukwane, sun narkar. Ranar kasuwa Hajiyata ta sayo sabuwar tukunya, tana ta yabon kaurinta.

Sai ga masu bincike suna bi gida-gida. Suka ce kowane guntu suke so, don a jikinsa ake gane abin da ya lalace, kuma abokan yaron suna hawan irin jirgin har yau. Na ce Hajiya ta miƙa tukunyar. Ta ce: "Malam, abin da ya sha wuta, ya sha tuwo, me ya rage zai gaya musu?"

Ina gaida Sani maƙeri, wanda tun zuwan masu binciken ya tafi cin rani Kano ba sallama. Ku ba ni shawara, in kai musu ko in bar mata? Ni dai yanzu duk jirgin da ya gifta, sai na ajiye lomata na saurari ƙararsa.