Safar Baba Salmanu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaida limaminmu, Malam Abdul'aziz. Ina gaida Alhaji Isufu, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, da duk waɗanda suka biyo shi tun daga Paris a jirgin ƙasa na safe, har da iyayenmu na Aubervilliers. Ina gaida Tanti Balkisa, matar marigayi, da 'ya'yansa, Yaya Sa'ad da Suhaila. Ina gaida iyayenmu maza da mata na nan Guillotière, da 'yan'uwana yara. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Sunana Raihana, shekarata goma sha huɗu. Ban taɓa magana a gaban mutane haka ba, ko a lakwal, cikin aji, malama ce ke cewa in ɗaga murya. Yaran da Baba Salmanu yake kaiwa dutse ne suka ce ni zan tsaya a madadinsu. Na rubuta a takarda don kada in manta. Idan murya ta ƙi fita, ku yi mini uzuri.

Yau kwana arba'in da aka kai Baba Salmanu makwancinsa a Tahoua. Yawancinmu ba mu je ba, shi ya sa muka taru a nan.

Ya kasance mutum ne da ya zo ƙasar nan karatu, aiki ya kai shi wani ƙauye a saman duwatsun bayan Grenoble, yana auna ruwan da ke gangarowa idan ƙanƙara ta narke. Shekara tara ya yi a can kafin ya dawo nan Lyon. Tanti ta ba mu labari cewa idan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, shi ne farkon fitowa da shebur bayan sallar asuba. Ƙofar tsohuwar da ke kusa da su yake fara sharewa, sai ta mai burodi, tasa ce ta ƙarshe. Mutanen ƙauyen ne suka koya masa siki, waɗannan dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa. Bai so wuraren da inji ke ɗaukar mutum zuwa sama ba. Shi da ƙafarsa yake hawa, inda babu hanya sai wadda mutum ya buɗe da kansa.

Ya kasance ba ya son ya ji daɗin abu shi kaɗai. Kowane hutun Fabrairu yakan bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya yana roƙon iyayenmu su ba shi mu. Na tuna mamana ta ce masa, "Malam, mun baro rana mun zo sanyi, kai kuma ka ce akwai wani sanyin da ya fi wannan, can za ka kai mini ɗiya?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kwana biyu ne. Zan maido miki ita da yatsunta cif."

Ya kasance yana raɗa wa duwatsu sunayen Hausa don mu riƙe su. Akwai Kan Tulu, akwai Haƙorin Tsohuwa. Akwai kuma wanda ya fi so, Tozon Raƙumi, wanda sau uku yana nufarsa iska tana maido shi. Shi ya koya mana manna fata a ƙarƙashin siki don kada mu zame baya wajen hawa. Shi ya koya mana narka ƙanƙara a kan ɗan risho mu yi alwala, mu shimfiɗa manto, rigarmu ta sanyi, mu yi azahar, ko'ina fari, babu ƙarar mota ko ɗaya.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na yarda na tsaya a nan. Yaya Sa'ad, da kai nake.

A Fabrairun 2011 muka nufi Tozon Raƙumi, mu tara. Ranar babu iska, babu gajimare. Ranar ce kuma karon farko da Baba ya ce kai ka shiga gaba ka buɗe mana hanya, shi ya koma can baya. Duk mun ga yadda ka ji daɗi. Saura kaɗan mu kai, muna hango ƙololuwar, sai Baba ya busa usur ya ce a juya. Ka ce, "Baba, ga shi nan fa, minti ashirin ne." Ya ce, "Na ce a juya." Ka tambaye shi dalili, bai ba ka ba. A cikin motar kar da ta maido mu Lyon ba ka ce masa uffan ba. Shekarar da ta biyo ka ƙi zuwa, daga nan ka tafi Paris karatu, shi kuma ciwo ya kwantar da shi. Ran da muka zo gaisuwa, ina kai shayi falo, na ji ka ce wa abokinka har yau ba ka san abin da ka yi masa ba da ya hana ka kai shi saman dutsen nan.

Ba ka yi masa komai ba. Ni ce dalili.

Baba ya faɗa mana tun a gida: safa ɗaya tak, ta ulu. Mamana ta ga safa ɗaya ba za ta isa ba, ta sa mini uku na auduga, don tana sona. Mama, ki yi haƙuri, ba tona miki asiri nake ba. Takalmin ya matse ni, gumi ya jiƙa safar, tun rabin hanya na daina jin yatsuna. Na yi shiru. An koya mana yaro ba ya kuka da wahala a gaban manya, kuma ni ce ƙarama, ina tsoron a ce ni na ɓata tafiya.

Na faɗi sau biyu a wurin da babu abin faɗuwa. Ku kun yi gaba, kun sha kwana. Baba ya zaunar da ni a kan jakarsa ya ce, "Raihana, motsa babban yatsanki." Na ce na motsa. Ya ce, "Ke da Allah?" Sai na fara kuka. Ya kwance takalmin, ya ga yatsun sun yi fari kamar kyandir. Bai yi mini faɗa ba. Ya cusa ƙafafuna cikin mantonsa har jini ya dawo, ya tuɓe safarsa ya sa mini, shi ya mai da ƙafarsa cikin takalmi haka nan. Na ce, "Baba, don Allah kada ka faɗa musu." Ya dube ni ya ce, "Ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa, ran da kika iya. Amma ki sani, a nan sama wanda ya ji ciwo ya yi shiru, ba kansa kaɗai ya cuta ba." Sannan ya ciro usur.

Ya kasance mai riƙe alkawari, ko da da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ya yi shi. Ya ga ɗansa yana fushi da shi, kalma ɗaya za ta wanke shi, bai furta ta ba. Ni kuma sau da yawa na zo gidanku da niyyar faɗa, sai in gaida Tanti, in sha lemo, in koma. Da na je duba shi a asibiti, ya tambaye ni, "Yaya yatsu?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "Saura baki." Ya yi murmushi, ni kuma na sunkuyar da kai. Ban iya ba sai yau, da ba ya nan. Wannan laifina ne, kuma ina neman gafararka, Yaya Sa'ad. Tanti, ke ma ki yafe mini.

Akwai abin da ban gaya maka ba kuma. Lokacin da yake ɗaure mini takalmi, ya ɗaga kai ya dubi sawun da ka bari a kan gangaren. Ya ce, "Dubi yadda yaron nan ya yanka hanya. Ni ban iya haka ba a shekarunsa." Ni kaɗai na ji, kuma kai ya kamata ka ji.

Iyayenmu, mun ji ana cewa tunda Baba ba ya nan, tafiyar dutse ta ƙare. Mu yara ba mu da ikon yanke wannan magana. Roƙo kawai muke. Idan Yaya Sa'ad ya yarda ya shiga gaba, kuma kun ba mu izini, za mu bi shi. Ni zan tsaya a baya, ina kallon ƙafafun ƙanana, ina tambayarsu sau biyu.

Ga safar nan a cikin leda. Na wanke ta tun a wancan satin, shekara uku tana ƙarƙashin kayana. Yaya Sa'ad, idan an tashi zan kawo maka.

Mun gode wa Malam da ya ba ni wuri, mun gode wa baƙinmu na Paris da suka sha hanya, mun gode wa iyayenmu mata da suka yi girki tun safe. Tanti Balkisa, mun gode da kika riƙa ba mu aronsa kowane sanyi.

Allah ya jiƙan Baba Salmanu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya share ƙofofin maƙwabta kafin tasa, Allah ya buɗe masa ƙofar Aljanna. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa ranar tsayuwa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya kyautata ƙarshenmu. Amin.