Kada Mu Shafe Bakin Kwano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugabar wannan zama, uwarmu Magajiya Bashiratu ta kasuwar Yendi. Sarkin Zango da dattawansa. Liman Malam Zibrim, wanda ya buɗe mana da addu'a. 'Yan'uwana masu awon hatsi da suka taso daga Bawku tun jiya, duk da halin da hanya take ciki. Mutanena na Salaga da ke can baya suna ɓarar gyaɗa, suna tsammanin ban gan su ba. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ce Ubaida, mai awon masara da wake a kasuwar Salaga shekara talatin da ɗaya. Na gode da masauki, na gode da tuwo, na kuma gode da kuka ba ni dama kafin a ɗaga hannu a kan shawarar da 'yarmu Mansuratu ta Bawku ta kawo: wai ƙungiyarmu ta garuruwa uku ta hana gyara. A auna kwano, a shafe bakinsa da tafin hannu, kada kowa ta ƙara ko ƙwaya, wadda ta ƙara a ci ta tara.

Maganata ta farko gare ki ce, Mansuratu. Ba ki yi laifi ba, 'yata. Ruwa ba ya tsami banza. Mun ga manyan motoci suna shiga ƙauyuka tun masara ba ta bushe ba, su kwashe, su kulle a sito, sai damina ta yi nisa su sayar mana da tsada. Kika ga wata tana gyara, masu saye suna guje wa wadda ba ta iyawa, kika ce a daidaita kowa. Tausayi ne ya sa ki, kuma na ji zafin da kika ji.

Ta biyu. 'Yata Fauziya, malamar makaranta, ta karanto mini a waya cewa akwai wasu mutane 'yan kaɗan a duniya, waɗanda motar Yendi guda za ta kwashe su, da abin hannunsu ya kai na rabin 'yan Adam. Na ce, “Ke Fauziya, ciki nawa gare su?” Ta ce, “Ɗaya ɗaya, Mma, irin namu.” Na riƙe baki. To, jama'a, ta ina dukiya ta bi ta taru haka? Ba daga sama ta zubo ba. Ta bi ta hannun mai tsintar kaɗanya a dajin Bimbilla, wadda man da ta sha rana a kansa yake komowa cikin 'yar kwalba da ita kanta ba ta isa ta saya ba. Ta bi ta hannun manomi, ta bi ta hannunmu. Kowane mataki akwai mai shafe bakin kwano, kowane mataki akwai mai cewa kada ƙwaya ta faɗi ƙasa, har komai ya hau sama ya ƙi saukowa.

Mu 'yan Salaga kuwa ba mu da bakin yi wa kowa gori. Garinmu ya taɓa tara dukiya, ayarin goro yana shiga yana fita, har aka kai ga sa wa ɗan Adam farashi a tsakiyar kasuwa. Ina masu ita yau? Rijiyoyin da aka haƙa ne suka rage, su ma don kowa yana sha. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Hannunmu bai kai ga waɗancan manya ba, na sani. Amma idan muka huce a kan mai sayen kwano ɗaya, wallahi mun bar jaki muna dukan taiki.

Ta uku, ita ce ta hana ni zama a gida. Yaran zango suna cewa jara, mu tsofaffi muna cewa gyara. Ku tsaya ku ji kalmar da kyau. Ba a gyara sai abin da ya ɓaci. Iyayenmu sun san kwano ba ya ganin fuska, bai san mai shi ba, bai san marar shi ba, sai suka bar wa hannu ya gyara abin da awo ya kasa.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, Iya Sabuwa. Da can ita ma mai awo ce, a rumfarta na koyi riƙe kwano. Yanzu ido ya yi rauni, mijinta Baba Osman yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yan kuma ƙasa ta rufe su. Wata shekara na yi wauta, na ɗaure rabin buhun masara na aika mata gida. Kafin la'asar ya dawo ƙofata, ɗaurin ma ba a kwance ba. Ta aiko a gaya mini, “Ku ce wa Ubaida ni mai saye ce, ban fara bara ba.” Kasuwa huɗu ba ta taka rumfata ba. Na yi kuka, don na san abin da ke cikin tukunyarta.

Da ta huce ta dawo, ta ce in auna mata kwano ɗaya. Na auna. Na zuba gyara, na ƙara, na ƙara, har gyaran ya fi sayen. Ta sa hannu ta laluba, ta san sarai abin da na yi, sai ta ce, “Hm, hannunki ya fara nauyi, yarinya. Haka na koya miki.” Yau shekara shida ke nan. Duk ranar kasuwa sai ta zo, ta yi ciniki, ta kushe mini wake, ta ce duk ƙwari ne, ta ɗauki kayanta ta tafi da mutuncinta. Da wannan gyaran ake dama wa Baba Osman koko kowace safiya. Kuma na rantse kowace ɗaya a cikinku tana da tata Iya Sabuwa, a Yendi da Bawku, ko ba ta faɗa ba.

Saboda haka ina roƙo. Mu haɗa ƙarfi mu sayi hatsi tare tun kaka, mu ma mu yi sito, mu tallafi wadda jarinta ya yi rauni. Amma a bar gyara a hannun mai awo, mai iyawa ta yi, marar iyawa kada a zarge ta.

Idan kuwa kun ɗaga hannu kun hana, ni 'yar ƙungiya ce, ba zan saɓa ba. Sai dai alfarma ɗaya, Magajiya. Ranar kasuwa mai zuwa Iya Sabuwa za ta zo da 'yar ƙwaryarta, za ta sa hannu ta laluba. A zaɓo ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga hannu, ta zo Salaga ta tsaya a rumfata ta shafe mata bakin kwanon. Ni dai nawa hannun ba zai iya ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu. Allah Ya zaunar da Bawku lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah Ya tausasa zukatan masu shi, Ya rufa asirin marasa shi. Allah Ya mai da kowa gidanta lafiya, kuma ranar da za a auna ayyukanmu, Ya yi mana gyara.

Na gode.