Inda Motar Marasa Lafiya Za Ta Tsaya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamanmu, babanmu Alhaji Ɓoɓɓo dattijon wannan ƙungiya, iyayena mata, 'yan'uwana na New Bell da waɗanda suka taso tun daga Logbaba, ina gaishe ku. Na gode da kuka bai wa 'yarku Fauziya dama ta yi magana a gaban manya.

Maganata a kan motar marasa lafiya ce. Tun da ƙungiya ta saye ta, a ƙofar gidan Baba Alhaji a nan New Bell take tsayawa, domin a al'adarmu kayan jama'a a ƙofar babba ake ajiye su. Wannan girmamawa ce, kuma ya cancance ta.

Sai dai 'ya'yanmu sun watsu. Mu kuwa idan aka tambaye mu nisa, sai mu nuna da leɓe mu ce, "Ai nan ne kusa." Bara naƙuda ta kama ƙanwarmu Naja'atu da safe a Logbaba. Direba ya tashi nan take, cunkoson motoci a Ndokoti ya riƙe shi. A kan bensikin, wato babur ɗin haya, aka kai ta asibiti, kuma jaririn bai zo da rai ba. Ba laifin direba ba ne, ba laifin kowa ba ne, amma wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan na shiga nema. Taswirar waya tana faɗin tafiya ɗaya ce kawai, daga nan zuwa can. Ni kuwa wadda nake so ita ce wadda zan ɗora yatsa a wuri guda, ta shafa launi a duk inda mota za ta kai cikin rabin awa. Na sha wahala kafin na same ta a kwamfutar biro ɗinmu, wato ofishinmu, a Bonanjo. Na ɗora yatsa a ƙofar Baba Alhaji: unguwar Bali ta yi kore, Akwa ta yi kore, Logbaba ta tsaya fara fat. Na matsar da yatsa gabas, kusa da Ndokoti, sai koren ya rufe mu, ya rufe 'yan Logbaba.

Na nuna wa Naja'atu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya Fauziya, ashe mu a wajen launin muke zaune."

Baba Alhaji, ba mu zo ƙwace maka girma ba, roƙo muka zo yi. Ka ba mu izini da bakinka a matsar da motar. Naja'atu tana da wani cikin, watan haihuwarta ya kusa, kuma ga ta can a sahun baya tana jiran amsarka.

Allah ya sauke ta lafiya, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa dattawanmu nisan kwana, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.