Hawayen Sadakar Uku

A tashar Jega, motar Aliero ta ƙi cika. Waliyyu sai duba agogo yake yana tsaki, har wata tsohuwa da ke gefensa ta gaji.

"Ɗan nan, gobara ake yi gidanku?"

"Albasata, Inna. Kwana biyu ban juya ta ba, ban tsince ruɓaɓɓu ba. Asibiti ya riƙe ni, mai ɗakina ta haihu."

"Barka! Mi aka samu?"

Waliyyu bai tsaya tambayar wannan ba a asibiti. Shi dai da aka ce masa an sauka, takalmansa ya lalubo.

"Lafiya lau suke. Ai don su nike wahalar nan."

"Haka marigayi maigidana kan ce. Shekara talatin yana kwana bakin rumbu. Daga wari yake gane albasar da za ta ruɓe, amma sunan autarsa sai an tuna mishi."

"Allah ya jiƙansa. Kun yi rashi."

"Amin. Ranar sadakar uku, mutum ɗaya aka gani da hawaye a gidan, mai yankan albasar miya."

"Ke fa, Inna?"

"Ni ke yankan."